Rabin Sunan Malam Nu'uman

Tagogi goma sha ɗaya ne a fuskar kwamfutar Murja, kuma duk wanda ya leƙo ta bayanta sai ya rantse guda ɗaya ce aka yi ta maimaitawa. Baƙaƙe ƙirin, da fararen rubutu mitsi-mitsi, da ɗan ɗigo yana ƙyafta ido a ƙasa. Masu sana'ar suna ce musu terminal. Kowace taga ta ɗan kasuwa guda ce cikin waɗanda kamfanin Alhaji Badaruddeen yake fito wa da kaya daga tashar jiragen ruwa, kuma kowace a haɗe take da kwamfutar babban sito da ke Bracodi, can unguwar Adjamé a birnin Abidjan. Da zarar lambar kaya ta shiga tagar mutum, firintar sito za ta tofo takardar sakin kaya da sunansa, Kailu mai tsaron ƙofa ya buɗe wa direbansa. Murja tana zaune ne a hawa na biyu a Arras, cikin Treichville, amma ƙofar da ke tsallaken gada a yatsunta take.

Shekara huɗu tana wannan aiki ba a taɓa ba wani kwali ko ɗaya na wani ba. Dabararta kuwa ba wata mai tsawo ba ce. Kowace taga tana da ɗan fili a goshinta inda ake rubuta suna, sai ta rubuta wa kowa abin da aka san shi da shi a kasuwa. Malam Nu'uman mai shigo da kekunan ɗinki, tagarsa Keke. Hajiya Nuriyya, ƙanwar mahaifinta, mai kwanukan samira, tagarta Samira. Akwai Taya, akwai Fitila, akwai Dabino. Ba da ka ta zaɓe su ba. Zama ta yi ta tabbatar babu biyu da suka fara da harufa iri ɗaya, babu mai ƙugiya, babu mai ɗigo, domin ta san na'ura ba ta jin kunya kuma ba ta tambaya. Daga nan ta rubuta ɗan ƙaramin shiri da yake jera tagogin kowace safiya, kowace a mazauninta. In ta buga "saki Keke" da lambar kaya, shirin ya bi goshin tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya jawo Keke gabanta, ya tsaya sai ta gani da idonta ta ce masa ya wuce.

Sai ga Jabiru ya dawo daga Faransa a damunar 2007.

Jabiru ɗan Alhaji ne na fari, ya je ya yi shekara biyar ya dawo da takardar shaida, da jaka mai ƙafafu, da Hausar da ta rame har ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Ranar da ya fara tsayawa a bayan kujerar Murja, sai da ya cire tabarau ya goge.

"Keke? Dabino? Murja, on est au marché ou quoi? Kasuwa ce nan?"

"Kayan kasuwa muke fitarwa, Jabiru."

"C'est pas sérieux. In baƙi suka zo daga Marseille suka ga Taya a kan allo, me za su ce? Client yana da suna. Il faut mettre les vrais noms, sunayen gaskiya za a sa."

Ta yi masa bayani a Hausa, ta ga bai kama ba, ta sake yi da Faransanci, ya kama sarai amma ko a jikinsa. Ranar Asabar ta tafi sunan ɗiyar ƙawarta a Marcory. Ranar Litinin da ta kunna kwamfuta, sai ta tarar an yi mata sabon gida. Babu Keke, babu Samira. Goshin kowace taga ɗauke da cikakken suna kamar yadda yake a katin shaida. Shirinta kuma an ɗauke shi, an dasa na Jabiru. Nasa ba ya jawo taga gaba, ba ya jiran a ce masa ya wuce. Ka buga suna da lamba, shi ya nemo tagar a ɓoye, ya zuba lambar, ya rubuto maka OK.

Ran Murja ya ɓaci ƙwarai. Ta shiga wurin Alhaji ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Baba Alhaji, a ba ni yini ɗaya in gwada abin nan kafin a saki kayan kowa da shi."

Alhaji yana cin gyaɗa daga kwalba, ya yi mata murmushin da manya suke yi wa wanda ba za su saurara ba. "'Yata, shekara biyar yaron nan yana karanta wannan abu. Ke ma ki ƙaru da shi mana."

Ka ji fa! Mai shekara huɗu a kan kujerar ita ce za ta ƙaru da mai kwana tara. Ta koma ta zauna, ta cika ta yi fam, ta ci gaba da aiki tunda an ce ta yi.

Litinin lafiya, Talata lafiya. Ranar Laraba da hantsi Malam Nu'uman ya bugo waya ya ce a saki kwalayensa arba'in, direbansa na kan hanya. Murja ta buga sunansa harafi-harafi, har da ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakanin Nu da uman, ta buga lambar, na'ura ta ce OK. Ta tashi ta zuba ruwan zafi a kofi.

Abin da ya faru a Bracodi, daga baya ta ji shi. Takarda ta fito da lambar kwalayen Malam Nu'uman, amma da sunan Hajiya Nuriyya. Direban Hajiya kuwa yana zaune a bakin sito tun safe yana jiran nata kayan, ita kanta tana Dubai. Kailu ya duba suna, ya duba lamba, ya ga takarda ce ta gaskiya, ya sa aka loda. Direban Malam ya maƙale a cunkoson gada, bai iso ba sai bayan azahar, aka ce masa kaya sun tafi. Kafin la'asar Malam Nu'uman da kansa ya tsaya a shagon Hajiya cikin kasuwar Adjamé, yana kallon kekunansa arba'in an jere su a bayan kwanukan samira. A hannunsa ga takardar sito, a ƙasanta an buga sunan wadda ta ba da umarni: Murja.

Malam Nu'uman mutum ne mai gajeren wuya da doguwar murya. Bai je ofis ba, bai kira kowa ba. Babban masallacin Treichville ya nufa, ya jira aka sallame la'asar, ya tsaya a bakin ƙofa inda ake neman takalma, ya ɗaga takardar sama. Ya ce ga 'yar da aka ba amana ta kwashe masa kaya ta kai wa goggonta. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Jula saboda kada wani ya tafi bai ji ba. Alhaji Badaruddeen yana cikin taron. Maimakon ya ce a dakata a bincika, sai ya girgiza kai ya ce, a gaban kowa, "In haka ne, yarinyar nan ta ci amanata."

Taku ashirin daga wurin, Saudatu mahaifiyar Murja tana zaune gaban tandarta tana juya waina, kamar yadda take yi shekara goma sha biyar. Babu kalmar da ta wuce ta.

Da safiyar Alhamis aka karɓi makullin ofis daga hannun Murja. Alhaji bai ma fito ba, Jabiru ne ya miƙo hannu, yana wani sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya. "Yako, sannu, Murja. Papa ya ce ki huta tukuna." Ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye makullin a kan tebur ba a hannunsa ba. Aikin bai dame ta kamar sunan ba. Aiki ana samun wani a Plateau ko a Zone 4. Amma Hausawan Abidjan tsintsiya ɗaya ce, wadda aka kira ɓarauniya a ƙofar masallacin Treichville an kira ta a Adjamé, an kira ta a Abobo, kuma kafin sati labarin ya isa Kano wurin dangin ubanta.

Ba ta koma gida ba. Ta shiga woro-woro, tasin haɗaka na garin, ta tsallaka gada, ta sauka a Bracodi, ta ratsa masu soya ayabar aloko da masu sayar da garba, wato garin rogo da kifi, har sito. Kailu yana zaune a kan benci da rediyonsa. Da ya hango ta sai ya rage murya ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kawu Kailu, ba faɗa na zo yi ba. Kwafin takardar jiya nake so in gani."

"Wallahi 'yar nan, abin da ya fito shi na bi."

"Na sani. Nuna mini kawai."

Ya jawo ta daga ƙusar da yake soke takardu. Murja ba ta tsaya kan manyan rubutun da kowa ya karanta ba. Can saman kusurwa akwai wani siririn layi da firinta take bugawa, wanda ba mai kula shi, inda na'ura take faɗin sunan da aka ce ta nemo. Ta kai takardar kusa da fuskarta. An rubuta: demande : Nu.

Nu. Harafi biyu, shi ke nan.

Wata dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ashe shirin Jabiru da ya iso kan ɗan waƙafin saman nan sai ya ɗauka magana ta ƙare, ya yar da uman, ya riƙe Nu. Ya shiga bin goshin tagogi yana neman wadda ta fara da Nu, ta farko da ya ci karo da ita kuwa ta Nuriyya ce, don ta riga Malam zama abokiyar cinikin kamfani. Ya zuba mata lambar, ya ce OK. Abin da ta shekara huɗu tana gudu ke nan tun ranar da ta zaɓi Keke da Samira, ga shi wani mai tabarau ya zo ya tono shi da hannunsa, an kuma rataya mata.

Daga sito shagon Malam Nu'uman ta wuce. Ya gan ta ya miƙe zai fara, ta riga shi.

"Malam, ka tara mini jama'a jiya. Yau ni mutum uku kawai nake so, kai da Alhaji da ɗansa. In ban nuna maka wanda ya ba da kayanka ba, ka koma masallaci ka ƙara."

Ko don mamakin ƙarfin halinta, ko don son ganin ƙarshen abin, ya ɗauki hularsa ya biyo ta.

A ofis Alhaji ya haɗe rai da ya gan su tare. Murja ba ta zauna a kujerarta ba. Ta kira Kailu a wayar tebur, ta danna abin da zai sa kowa ya ji muryarsa, ta ce ya tsaya gaban firinta kada ya saki komai. Sannan ta juya ga Jabiru.

"Zauna. Kai za ka buga, kada a ce hannuna ne. Sa sunan Malam, sa lambar banza, sifiri huɗu."

"C'est ridicule," in ji Jabiru, amma idon ubansa na kansa, dole ya zauna. Ya buga. Na'ura ta ce OK. Ta cikin waya aka ji firinta tana kuka, aka ji Kailu ya yage takarda.

"Kawu, sunan wa ya fito?"

"Hajiya Nuriyya."

"Sake bugawa," Murja ta ce. Ya sake. Hajiya Nuriyya. Zufa ta tsattsafo a goshin Jabiru duk da sanyin na'urar ɗakin. Ya shiga danne-danne da sauri, yana buɗe wannan yana rufe wancan, yana gunaguni da Faransanci. Murja ta ajiye kwafin takardar a gaban Alhaji, ta sa farce a kan siririn layin, ta yi bayani dalla-dalla: wanda ya canza sunayen, ranar da ya canza, abin da ya cire, da yinin da ta roƙa aka hana ta.

Malam Nu'uman ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa. "Ina sauran sunan nawa?"

"Na'ura ta yanke shi a kan waƙafin, Malam."

"Wane waƙafi? Ain ce fa! Harafi ne guda na Larabci, ba ado ba ne. Sunan da mahaifina ya yanka rago ya raɗa mini, shi za ku gutsure?" Ya juya ga Jabiru. "Kai, me Nu take nufi?"

Jabiru ya kafa ido a kan allo. Kailu ne, da yake ba ya ganin fuskokin mutane ta waya, ya amsa da zuciya ɗaya: "A Faransanci dai, Malam, tsirara ke nan."

Kai, ranar an ji murya a Arras! Malam ya manta da kekuna, ya manta da Hajiya, ya manta da yarinyar da ya tozarta jiya. Shi dai an kira shi tsirara a takardar kamfani, da shekarunsa da gemunsa. Da ƙyar Alhaji ya lallaɓa shi har bakin matakala, da alkawarin za a kai masa kayansa har shago kafin magariba. Ya sauka yana faɗa, ko waiwayar Murja bai yi ba, balle ya ce ta yi haƙuri.

Da Alhaji ya dawo sai ya tura mata makullin a kan tebur. "To, an gane. Zauna ki mayar da abinki yadda yake, 'yata."

Ba ta taɓa makullin ba. "Baba Alhaji, ba a ɗakin nan aka ce na ci amana ba. A ƙofar masallaci aka faɗa, uwata tana ji. Gobe Juma'a. A can nake so a faɗi abin da ya faru, yadda ya faru."

Alhaji ya dubi ɗansa, wanda har yanzu yake fuskantar allo kamar an kafe shi. Ya daɗe yana shafa gemu. "Zan wanke ki," ya ce. "Ki bar mini."

Ta yarda da shi, abin haushin ke nan. Ta zauna ta goge sunayen katin shaida ɗaya bayan ɗaya, ta dawo da shirinta, ta gwada kowace taga sau uku tare da Kailu kafin ta tashi.

Ranar Juma'a ba ta je wajen masallaci ba, ta zauna a gida tana jiran Umma. Alhaji kuwa ya cika alkawari irin nasa. Bayan an sallame ya tsaya a inda Malam ya tsaya, ya ce jama'a su yi haƙuri, maganar shekaranjiya kuskuren na'ura ne, kaya sun koma ga mai su, yarinya kuma tamu ce, marainiya ce, a bar maganar don Allah. Sunan Jabiru bai fito daga bakinsa ba. Canza sunaye, da cire tambaya, da yinin da aka hana, duk ya haɗiye su.

To wa zai yarda? Mutanen da suke tsaye a wurin 'yan kasuwa ne, sun san na'ura abin da aka buga mata take bugowa. Sun kuma san yadda babban mutum yake magana in yana so ya rufa wa na ƙasa da shi asiri: ya ɗora wa abin da ba shi da baki, ya ambaci maraici, ya ce a bar maganar. Suka gyaɗa kai, suka ce Alhaji ya yi halin girma. Malam Nu'uman, wanda ban da Alhaji da ɗansa shi kaɗai ya ga gwajin da idonsa, yana gefe yana ba wasu labarin yadda aka rubuta masa tsirara a kwamfutar Alhaji. Da aka tambaye shi wa ke zama a kan kwamfutar, ya ce wa kuwa, in ba yarinyar nan ba.

Wajen ƙarfe uku Umma ta shigo da tanda a ka da bokitin ƙullu a hannu. Murja ta tashi ta sauke mata. Ƙullun ya ragu sosai, alamar an yi ciniki, har ta ji sanyi a ranta.

"Umma, ya faɗa?"

"Ya faɗa." Umma ta zauna a bakin gado tana kwance ɗankwali. "Mutane sai zuwa suke suna yi mini barka. Matar Ɗan Azumi har da rungume ni. Sun ce samun mai gida irin Alhaji sai an tona, wani da tuni ya kai ki wurin 'yan sanda. Gobe da safe ki shirya mu je mu yi masa godiya."

"Godiya? Godiyar me? Me ya ce musu?"

Umma ta maimaita mata kalma-kalma. Murja ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta fara bayani: tagogi, da goshinsu, da Keke, da ɗan waƙafin sama, da Jabiru da ya buga da hannunsa har sau biyu. Umma tana saurare tana ninke ɗankwalin, ta ninka, ta sake ninkawa, har ya zama ɗan ƙarami a tafinta. Ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba a rayuwarta, kuma yau mutum ɗari sun gaya mata abu guda.

"Umma, kin ji ni kuwa? Ban yi ba."

"Na ji, Murjanatu. Allah ya riga ya rufa asiri." Ta ajiye ɗankwalin a kan filo, ba ta ɗago ta dube ta ba. Ta rage murya yadda maƙwabta ba za su ji ta bango ba. "Amma don darajar ubanki da ke ƙasa, ko me Goggonki ta ce ki yi mata nan gaba, kada ki ƙara."